Zuwa Yorkshire Sculpture Park: tambayoyin da 'yan uwa ke yawan yi, da amsoshinsu

Duk shekara in sabbin ɗalibai suka sauka Leeds ko Sheffield ko Bradford ko Huddersfield, a yankin Yorkshire na Ingila, bayan an samu ɗaki an gano shagon da ke sayar da naman halal da garin semo, tambayar da ke biyo baya ita ce toh ranar Asabar kuma ina mutum zai je ya sha iska banda zagayen kantuna. Ni dai kullum waje ɗaya nake fara ambata, Yorkshire Sculpture Park, mutanen nan suna taƙaita shi su ce YSP. Da na faɗa kuma sai tambayoyi su yi ta zuwa, kusan iri ɗaya ne kowace shekara, shi ne na ce bari in tara su waje ɗaya kowa ya huta.

Wai wajen menene takamaimai, gidan tarihi ne ko wajen shaƙatawa?

Duka biyun ne, har da gona a ciki. Fili ne eka 500, wato hekta 200 da ɗan wani abu, a ƙauyen West Bretton kamar mil 7 daga Wakefield, akwai makiyaya akwai daji akwai tafki biyu da aka samu ta hanyar tare kogin Dearne tun ƙarni na 18, toh a cikin wannan filin ne aka warwatsa manya-manyan ayyukan sassaƙa wajen 100, na tagulla da na dutse da na ƙarfe da na katako, duk a waje, ruwa ya dake su rana ta dake su, tumaki na kiwo a gindinsu. Wanda ya yi ABU Zariya ya san lambun sassaƙan nan na sashen zane-zane, irin tunanin ne, sai dai a nan daga wani aikin zuwa wani sai ka yi tafiyar da za ka ji ta a ƙafarka. Akwai kuma zaurukan baje koli na cikin ɗaki da ake canza kayansu lokaci-lokaci.

Asalinsa gidan wasu masu ƙasa ne, Bretton Hall, an gina shi wajajen 1720. A 1949 aka mayar da gidan kwalejin horon malamai, sai wani malamin kwalejin mai suna Peter Murray ya kawo shawarar a riƙa ajiye sassaƙa a filin, aka buɗe a 1977 da guda 31 kacal. Ita kwalejin an rufe ta a 2007, shi kuwa wajen sai ƙara girma yake, har a 2014 ya ci kyautar Art Fund ta gidan tarihin shekara a Birtaniya.

Ba ni da mota, ya zan yi in je?

Ka hau jirgin ƙasa zuwa Wakefield Westgate, daga Leeds minti 15 ne ko ƙasa da haka, daga King's Cross ta Landan kuma kamar awa 2. Daga Wakefield sai bas mai lamba 96 da ke zirga-zirga tsakanin Wakefield da Barnsley, mutanen Sheffield su sai su biyo ta Barnsley su hau shi daga can. Abin da zan ja kunne a kai shi ne wannan bas ɗin ƙauye ne, akwai tazara mai tsawo tsakanin wani da wani, don haka tun kafin ka bar gida ka duba lokacin na dawowa, musamman ranar Lahadi, kar ka gama yawo ƙafa ta gaji ka zo ka tsaya a bakin titi cikin sanyi. In kun kai ku uku ko huɗu wallahi ku haɗa kuɗi ku ɗauki tasi daga tasha ya fi muku.

Mai mota kuwa ba shi da matsala, babban titin M1 ne, ka fita a mahaɗa ta 38, mil ɗaya ka iso.

Kyauta ne ko ana biya? Kuma ƙarfe nawa ake buɗewa?

A da shiga kyauta ne kuɗin fakin kawai ake biya, shi ya sa har yanzu za ka ji tsofaffin zuwa suna cewa ai kyauta ne. Tun 2020 abin ya canza, yanzu tikiti ake saye kuma fakin yana cikinsa, yara ba sa biya. Farashin yana motsawa don haka ka duba shafinsu ka saya tun daga gida, a nan ma za ka ga ko ranar da kake son zuwa a buɗe suke. Ƙarfe 10 na safe suke buɗewa, da yamma su rufe, kuma zaurukan cikin ɗaki sukan riga filin rufewa, in akwai wanda kake son gani ka fara da shi.

Tsakani da Allah, waɗannan ba gumaka ba ne? Ya halatta Musulmi ya je?

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi, wani lokacin a fili wani lokacin sai an ja ni gefe. Abin da zan iya faɗa da bakina shi ne ba wajen bauta ba ne, ba wanda yake rusuna wa komai, ba a yanka ba a roƙo, mutane ne da yaransu da fulas ɗin shayi suna yawo suna kallo. Amma maganar hukunci daban ce, hadisai a kan masu surantawa sanannu ne, kuma malamanmu na Malikiyya sun yi magana a fili a kan sassaƙa cikakkiyar siffar abu mai rai wadda take da inuwa. Batun ko kallo ɗaya yake da yi, wannan kam ka kai wa malaminka, shi ya kamata ya ba ka amsa ba ni ba.

Abin da zan ƙara kawai, ba duk abin da ke wajen ba ne siffar mutum ko dabba. Akwai bishiyar ƙarfe, akwai matattakala, akwai katangun dutse, akwai ɗakin da sararin sama kawai ake kallo a cikinsa, duk na yi bayaninsu a ƙasa, mutum zai iya wuni guda a kan irin waɗannan da tafkuna da dazuzzuka. Akwai 'yan uwan da ke zuwa haka suke yi. Akwai kuma wanda ya ce shi zuciyarsa ba ta kwanta ba sam, toh kar a matsa masa, wajen yawo ba ya ƙarewa a Yorkshire.

An ce akwai tsiraici, zan iya zuwa da yara ko da su Baba?

Akwai, gara in faɗa maka tun yanzu da ka je ka yi ta sunkuyar da kai gaban surukinka. Wanda ya fi fitowa fili shi ne na Damien Hirst da aka kawo a 2019, The Virgin Mother, mace mai ciki tsayinta mita 10, babu sutura, kuma rabin jikinta an buɗe shi kamar hoton littafin likitanci ana ganin ƙashi da tsoka da jaririn a ciki. Tun daga nesa ake hango ta, ba abin da za ka ce ba ka gani ba ne. Akwai kuma wasu siffofin maza na tagulla na Elisabeth Frink. Na Henry Moore su ma yawanci jikin mace ne a kishingiɗe amma an narkar da siffar sosai har sai an gaya maka, yara suna ɗauka duwatsu ne.

Dabarar ita ce ka karɓi taswira a bakin shiga, ka tambayi ma'aikata inda waɗannan suke a lokacin, su ba abin kunya ba ne a wajensu za su nuna maka a kan takardar, sai ka tsara hanyarka. Filin yana da faɗin da za ka kauce wa abin da ba ka so.

Me zan saka?

Takalmi shi ne magana. Kar ka zo da farin kambas ɗinka na ɗaukar hoto, kar Hajiya ta zo da mai tsini. Ciyawa ce jiƙaƙƙiya da taɓo da kashin tumaki, kashin nan kuwa ko'ina yake, musamman wajen ayyukan Moore inda kowa yake ɗaga kai yana kallo ba ya duba ƙasa. Takalmin da ba ya shan ruwa, ko na roban nan dogo irin na manoma, shi za ka ga 'yan gari sun saka. Mai doguwar abaya ko babban hijabi ta sa wanda bai ja ƙasa ba, in ba haka ba kafin azahar bakinsa ya yi nauyi da laka. Jaket mai hula ta fi lema amfani saboda iskar kan tudu tana juya lema. A zo da leda ta saka takalmin in za a shiga motar mutane.

Awa nawa zai ci? Zan iya ganin komai a rana ɗaya?

Za ka iya zagayewa in kana da ƙafa, amma gani kam ba za ka gani ba, wucewa kawai za ka yi kana ɗaukar hoto kana duba agogo. Ni a ganina babban kuskuren da mutanenmu ke yi ke nan, a zo da niyyar sai an cinye kuɗin tikiti, a yi ta sauri daga wannan zuwa wancan, ƙarfe 2 kowa ya gaji ya fara fushi. Ka ware awa 3 zuwa 4, ka zaɓi ɓangare. Zuwan farko ka tsaya wannan gefen tafki, ayyukan Barbara Hepworth da lambunan kusa da babban ginin baƙi, sai ka gangara wajen Moore da ɗakin kallon sama na James Turrell da bishiyar ƙarfe, ka ƙare a bakin ruwa. Tsallaken tafki, wato Oxley Bank har zuwa zauren Longside, tafiya ce ta daban mai hawa, ka bar ta sai zuwa na biyu ko kuma in ka fito da sassafe.

Na ga hotunan na Henry Moore ban gane komai ba, wasu dunƙule-dunƙule masu huji. Me ake kallo a ciki?

A hoto kam ba za ka gane ba, don ba a yi su domin a tsaya waje ɗaya a kalla ba. Moore ɗan nan yankin ne, an haife shi a Castleford a 1898, babansa mai haƙar kwal ne, ya rasu a 1986, kuma shi da kansa ya sha faɗa cewa ya fi son a ajiye aikinsa a fili ƙarƙashin sama da a ajiye shi a gini komai kyansa. Mutum ne mai tsince-tsince, ƙasusuwa da tsakuwa da duwatsun da ruwa ya cinye, ya tara a ɗakin aikinsa yana juya su a hannu, kuma yana saurayi ya daɗe yana zarya British Museum yana kallon sassaƙan Meziko da na Afirka. In ka san wannan sai ka fara ganin gwiwa da kafaɗa da ƙugu a abin da ka ɗauka dutse ne, ka kuma ga tudu da kwari a abin da ka ɗauka jiki ne.

Ga yadda za ka yi. Ka zaɓi guda ɗaya, ka fara hango shi daga nesa, sannan ka matso ka zagaye shi a hankali sau ɗaya cikakke. Duk taku uku siffar tana canzawa, abin da yake dunƙule ɗaya ta gaba sai ka ga ashe gida biyu ne ko uku da rata a tsakani, hujin kuma in ka leƙa ta cikinsa sai ya yanko maka wani yanki na tudun da ke can tsallake da bishiya ɗaya da gajimare. In ka matsa kusa za ka ga tagullar ba santsi gare ta duka ba, akwai zane-zanen kayan aiki kamar an karce ta, wani waje kore wani waje baƙi-baƙi, can ƙasa kuma inda tumaki ke soshe jikinsu ya yi sheƙi, har da 'yan gashin ulu a maƙale. Moore ba zai ji haushin wannan ba, mutumin da a 1972 ya zauna bakin taga yana ta zanen tumaki.

In ka yi duk wannan ka ji har yanzu bai burge ka ba, ba laifi, ka wuce gaba. Ba jarrabawa ba ce.

Ita kuma Barbara Hepworth fa?

'Yar Wakefield ce, an haife ta a 1903, ta yi makarantar zane ta Leeds tare da Moore, ta rasu a 1975 a gobarar da ta tashi a ɗakin aikinta a St Ives. Ita ce ta yi babban aikin nan da ke gaban hedikwatar Majalisar Ɗinkin Duniya a New York don tunawa da Dag Hammarskjöld, tsohon babban sakataren majalisar. A YSP abin da za ka nema shi ne The Family of Man na 1970, guda 9 na tagulla a tsaye a gangaren tudu, kowanne kamar an ɗora tubala a kan juna, babu fuska babu hannu. Amma kowanne da matsayinsa, kakanni biyu, iyaye biyu, ango da amarya, saurayi da budurwa, sai na tara da ta kira siffa ta ƙarshe. Ba a kewaye su da igiya ba, shiga tsakaninsu ake yi. In kun je da yara ku ce su nemo wanne ne kaka wanne ne amarya, za ku sha gardama.

Wane ɗaki ne ake cewa an huda rufinsa?

Deer Shelter Skyspace ke nan, aikin James Turrell ɗan Amurka. Tsohuwar mafakar barewa ce ta zamanin masu gidan, ta gaba ba za ka ce akwai wani abu ba, sai ka bi ta wata 'yar hanya ka shiga ka tarar da ɗaki fari mai kusurwa huɗu, benci a jikin bango zagaye, a sama kuma an yanke rufin murabba'i, babu gilashi babu komai. Zama ake yi a jingina a ɗaga kai. Minti biyun farko za ka ce wai shi ke nan? Ka daure ka kai minti goma. Saboda an yi bakin hujin siriri sosai, sama sai ta daina yi maka nisa, ta koma kamar wani shuɗin ƙyalle da aka shimfiɗa a rufin, sai gajimare ya ratsa ko tsuntsu ya gifta ka tuna ashe a buɗe yake. In ana ruwa a tsakiyar ɗakin yake zuba. Dab da rufewa a lokacin sanyi ya fi kyau, lokacin da launin ke canzawa. Mutane kan yi shiru a ciki ba tare da an ce su yi ba, don Allah in kun shiga ku da yawa a rage hira, a bar kiran bidiyo zuwa gida sai an fito.

Tsallaken tafkin akwai abin da ya kai a sha wahalar hawa?

Ni wajen ya fi min ko'ina, kuma ga wanda tambayar gumaka ta dame shi nan ne nasa. Da ka haye gadar da ke ƙarshen tafki za ka tarar da matattakalar David Nash ta 2010, taki 71 na katakon oak da aka babbake ya yi baƙi ƙirin, aka dasa su a cikin kwal, wanda ya san nan ƙasar masu haƙar kwal ce ya san ba a banza aka zaɓe shi ba. Da yawa suna hawa ba su ma san aikin fasaha suke takawa ba.

A sama kuma ayyukan Andy Goldsworthy ne na 2007, duk da katangar dutse irin ta manoman yankin wadda ake jerawa ba siminti ba laka. Hanging Trees ramuka ne da aka gina a jikin tsohuwar katanga, ka leƙa ƙasa ka ga gungumen bishiya kwance a rataye, rassansa sun shige cikin duwatsun. Outclosure katanga ce zagayayya da ta fi mutum tsayi, ba ƙofa ba taga, ka zagaye ta kana neman mashiga babu, kuma da gangan ne, a ƙasar da masu kuɗi suka daɗe suna katange filaye suna hana talaka shiga. Yana da wani kuma a wannan gefen, Shadow Stone Fold, garken tumaki ne da faffaɗan dutse a ciki, in an fara yayyafi mutum ya kwanta a kai na ɗan lokaci, in ya tashi sai ya bar siffarsa a bushe a kan dutsen. Mu da muke gudun ruwa kamar gishiri ban ga wanda zai yarda ba, amma yara suna so.

Bishiyar da ke kusa da tsohon cocin, ta gaske ce?

Ta ƙarfe ce. Iron Tree ta Ai Weiwei ɗan Chaina, 2013. Gutsattsarin itatuwa daban-daban fiye da 90 aka kwafi siffarsu aka zuba da ƙarfe, aka haɗa su da manyan kusoshi masu noti waɗanda ba a ɓoye ba, daga nesa bishiya ce da ta bushe, in ka matso sai ka ga reshen bai dace da gindin ba. Tsatsar da take yi ba lalacewa ba ce, haka ake so. Lokacin da aka yi baje kolinsa a nan a 2014 shi bai samu zuwa ba, gwamnatin ƙasarsa ta riƙe masa fasfo tun 2011, daga nesa ya tsara komai. Shi cocin an gina shi a 1744, yanzu ba a ibada a ciki, zauren baje koli ne.

Akwai aikin wani ɗan Najeriya?

An yi. A 2013 Yinka Shonibare, wanda aka haifa a Landan ya tashi a Legas, ya yi babban baje koli a nan mai suna FABRIC-ATION, kuma a nan ya fara nuna ayyukansa masu kama da atamfar da iska ta ɗaga sama ta daskare a haka, tsayinsu wajen mita 6. Wannan baje kolin ya tashi tuntuni, kar ka je neman sa, duba amsa ta gaba.

Na ga wani abu a Instagram, na je ban same shi ba. Me ya faru?

Yawancin kayan wajen aro ne, daga masu su ko iyalansu ko wasu gidauniyoyi, wani ya yi wata shida wani ya yi shekaru, sannan a zo da kuren, wato injin ɗaga kaya, a ɗauke. Har na Moore ana canza su. Waɗanda aka gina a jikin ƙasar, wato na Turrell da Nash da Goldsworthy, su ne ba sa motsi. Wani lokacin kuma abin yana nan amma an killace shi ana gyara, tagullar da ke waje sai ana wanke ta ana shafa mata kakin zuma saboda ruwa da kashin tsuntsaye. In saboda abu ɗaya za ka yi tafiyar, ka duba shafinsu tukuna.

Karnuka fa? Ni tsoronsu nake ji. Shanun kuma ba sa bin mutane?

Za ka ga karnuka da yawa, Bature da karensa ba a raba su, amma doka ce sai da igiya saboda tumaki, kuma ba a shiga da su zauruka. Wajen tafkin sama da dajin Menagerie Wood ma an hana su saboda tsuntsayen da ke sheƙa a can, har da zalɓe, toh mai tsoron kare nan ne zai sake. In wani ya nufo ka da nasa ka tsaya kawai ka ce masa ba ka so, ja da shi zai yi har ya ba ka haƙuri, gudu ne ke jawo matsala.

Shanun su ne jajayen nan na Sikotlan masu dogon gashi har ya rufe ido da manyan ƙahoni. Ba ruwansu da kowa, amma kar ganin ka saba da shanu a gida ya sa ka je shafa su ko tsayawa tsakanin saniya da ɗan maraƙinta. Tumaki ma kar a ba su biskit, kuma duk ƙofar makiyayar da ka buɗe ka rufe ta.

Abinci da salla fa?

Akwai gidan abinci da wajen shan shayi a babban ginin baƙi da kuma The Weston, sabon ginin da aka buɗe a 2019 a ɗaya mashigar. Irin abincin Ingila ne, ka yi hattara da sanwici da abubuwan da aka naɗe da fulawa don naman alade yana yawa a ciki, ka nemi na ganye ko na kifi ka kuma tambaya. Abin da ya fi sauƙi kuma ya fi arha shi ne ku zo da naku, an yarda a ci a fili, dafa-duka a kula da fulas ɗin shayi mai citta, amma banda hura wuta ko gashi, kuma a kwashe shara. In an tashi ana son nama na sosai, Dewsbury da Batley ba nisa, can halal ba a nema.

Salla kuwa ka fito da alwalarka in da hali, ka sa ƙaramar roba a jaka tunda bayinsu ba buta, da dardumar aljihu mai leda a ƙasa. Alƙibla kudu maso gabas take, wayarka za ta nuna maka. Ka samu gefe ka yi abinka ba mai tanka maka, in ana ruwa ka tambayi ma'aikata inda za ka raɓa. A Malikiyya kashin dabbar da ake cin namanta ba najasa ba ne, amma duk da haka ba wanda ke son goshinsa a kai, a duba waje. Ka lura a Disamba azahar da la'asar da magariba duk a cikin awa 4 suke faɗowa, rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 4, don haka aƙalla biyu a can za su same ka.

Ana taɓawa? Ana ɗaukar hoto?

Hoto a waje ka ɗauka son ranka, banda jirgin nan mara matuƙi. A cikin zauruka ka duba alama ko ka tambaya. Hawa da zama a kan ayyukan an hana, kuma nan ne ake samun matsala da yara, don yaro in ya ga hujin Moore ba abin da zai zo masa sai ya shige, zip ɗin jaket da maɓalli da ƙasan takalmi kuwa suna karce tagulla. Ka gaya musu tun a mota. Ƙwallo ma a bar ta a gida.

Su Mama sun zo bikin kammala karatuna, ba sa iya doguwar tafiya. In kawo su?

Ka kawo su amma ka rage buri. Kusa da babban ginin baƙi akwai hanyoyi masu daɓe da benci da lambuna da zauren Underground Gallery, wannan kaɗai ya isa fita. Suna da keken guragu da ƙaramin keke mai batir da ake ara, sai dai ka kira ka kama tun kafin ranar. Gangarawa tafki daɗi gare ta, dawowar ce hawa, dattijo mai ciwon gwiwa kar ka kai shi ƙasa sai ka tabbatar zai iya hawowa. Ka sa musu kaya fiye da yadda kake sa wa kanka, ko a Yuli ne, kai ka saba su ba su saba ba.

Wane lokaci ya fi a shekara?

Daga ƙarshen Afrilu zuwa Yuni, ga 'yan raguna sabbin haihuwa ga furanni a daji ga rana mai tsawo. Oktoba ma da kyau in ganye ya juya ja da rawaya, kuma ya dace da sabbin zuwa kafin aikin makaranta ya taso. Lokacin hutun 'yan makaranta da ranakun Lahadi masu rana cika yake yi, mai son shiru ya zo tsakiyar mako da safe. Kar ka ce sai ranar da ba hadari za ka je, a Yorkshire za ka daɗe kana jira, yayyafi ba ya hana komai in ka bi abin da na faɗa a kan takalmi. Iska mai ƙarfi ce kawai takan sa su rufe hanyoyin cikin daji.

Akwai wani wajen kusa da zan haɗa da shi?

In da mota, gidan tarihin haƙar kwal na ƙasa da ke Overton yana nan kusa, ana saukar da mutane cikin rami na gaske da hular kwano da fitila, yara maza sun fi son sa da komai. A cikin Wakefield kuma akwai The Hepworth Wakefield da aka buɗe a 2011 a bakin kogin Calder, can za ka ga kayan aikinta da samfuran da take fara yi da filasta kafin a zuba tagulla. Amma kar ka haɗa su rana ɗaya da YSP in da bas ka zo, lokacin ba zai kai ba, Hepworth ɗin ka bar ta ranar da ake ruwa tunda a cikin ɗaki take kuma da ƙafa ma za ka iya zuwa daga tashar Kirkgate.